Kafin Ikkilisiya Ta Buɗe Lesin Yamma: Izinin Wa Ake Nema?

'Yan'uwa, ikkilisiyoyi da yawa yanzu suna tara yara bayan an tashi daga makaranta. Iyaye suna kasuwa ko wurin aiki har yamma, ɗakunan makarantar Lahadi kuwa a rufe suke duk tsawon mako, sai Zumuntar Mata ko matasa su kawo shawara a buɗe su, yara su ci abinci, su yi aikin gida da aka ba su, su jira iyayensu. Aiki ne mai kyau. Sai dai daga ranar da uwa ta miƙa ɗanta ta juya ta tafi, hukuma tana da ta cewa a kan ɗakin da wanda ke tsare da yaron, ko ana karɓar kuɗi ko kyauta ake yi.

Abin da aka fi ji a taron dattawa shi ne, "Ai muna da rajista." Gaskiya ne, akwai takardar CAC, wadda ake bayarwa a ƙarƙashin dokar kamfanoni da ƙungiyoyi da aka sabunta a 2020. Amma aikin wannan takarda shi ne tabbatar da cewa amintattun ikkilisiya suna iya mallakar fili, su buɗe asusun banki, su kai ƙara ko a kai su. Izinin koyar da yara ko renonsu yana hannun jiha, kuma nemansa daban ake yi. A ɗarikun da hedkwata ce ke riƙe da rajistar, ikkilisiyar unguwa ba ta ma da ikon sa hannu da sunan amintattu, sai ta bi ta ofishin gunduma.

Ofishin da za ku je ya danganta da abin da kuke yi da yaran. Idan koyarwa ce, da allo da darasi da malami, maganar ta Ma'aikatar Ilimi ta jiha ce, musamman sashen da ke duba ingancin makarantu masu zaman kansu; a Kaduna hukuma ce sukutum aka kafa domin wannan. Idan kuwa reno ne, wato akwai ƙananan da ba su kai shiga firamare ba, ana ciyar da su, ana kwantar da su, to galibi Ma'aikatar Harkokin Mata da Walwalar Jama'a ce ke yi wa irin wannan wuri rajista. Tushen abin yana cikin Dokar 'Yancin Yara ta 2003, wadda ta ɗora wa gwamnatin jiha riƙe rajistar masu renon yara da ikon shiga ta duba wurin. Kowace jiha da nata tsarin dokar: Filato ta zartar da tata a 2005, Kaduna a 2018. Saboda haka abin da wani fasto ya yi a Jos ba lallai ya wadatar a Kafanchan ba.

Matsalar lesin yamma ita ce yakan faɗa tsakanin biyun. Yayye suna lissafi a benci, ƙannensu suna barci a tabarma a lungu. Shawarata ita ce ku rubuta wasiƙa zuwa ma'aikatun biyu, ku faɗi yawan yaran, shekarunsu, lokacin buɗewa da tashi, ko ana ba da abinci, ko ana biyan kuɗi, sannan ku roƙi amsa a rubuce. A buga hatimin karɓa a kan kofinku. In jami'i ya ce muku da baki ba kwa buƙatar komai, ku yi godiya, amma ku nemi ya rubuta, domin gobe ana iya yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi kuwa takarda zai tambaya.

Maganar gini ce ta fi nauyi. A ranar 12 ga Yuli, 2024, benen makarantar Saints Academy a unguwar Busa Buji cikin Jos ya rufta ana cikin karatu, mutum 22 suka rasa rayukansu, akasarinsu ɗalibai. Yawancin ɗakunanmu da baiko aka gina su, bulo ɗari yau, buhun siminti goma bayan girbi, wani lokaci a ɗora bene a kan tushen da ba a haƙa shi domin bene ba. Hukumomin tsara birane, irin su JMDB a Jos da KASUPDA a Kaduna, su ne ke amincewa da zanen gini, kuma amincewar tana tafiya da abin da aka ce za a yi a cikinsa. Ɗakin da aka yarda a yi sujada a ciki, ko gidan fasto da aka yarda a zauna, idan ya koma wurin tara yara kullum, amfaninsa ya canja, sai a koma a sanar. Ko da hukuma ba ta matsa ba, ku kawo injiniya mai rajista ya duba ginshiƙai da tsagewar bango ya ba ku rahoto. Ku kuma gayyaci 'yan kwana-kwana. Za su duba ko akwai ƙofar fita ta biyu, ko tagogi duk an toshe su da ƙarfe, ina aka ajiye janareta da man fetur, da ko tukunyar kashe gobara tana aiki. Tsaro ya sa mun saba kulle ƙofofi da kwaɗo. To a tabbata mabuɗin yana jikin babban da ke cikin ɗakin, kada ya bi maigadi zuwa kasuwa.

Sai ƙaramar hukuma. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ta kula da shara da bahaya, da wuraren sayar da abinci, da allunan talla, da kuɗin da ake ɗora wa gidaje, kuma majalisar kansiloli tana yin nata ƙananan dokoki a kan waɗannan. A nan ne za ku haɗu da duba-gari. Zai tambayi bayan gida nawa ne, ko an raba na maza da na mata, ina ruwan sha yake fitowa, ko rijiya tana da murfi, kuma mai dafa wa yara abinci ta yi gwajin lafiya ko ba ta yi ba. Kada a ɗauke shi abokin gaba. Bayan gida ɗaya da ke isar jama'a na awa uku ran Lahadi ba zai ɗauki yara sittin kwana biyar a jere ba. Allon da za ku kafa a bakin titi shi ma yana da kuɗinsa, a wasu jihohin ma hukumar jiha ce ke karɓa. Duk wanda ya zo neman kuɗi, ku nemi takardar buƙata mai sunan hukuma, ku biya ta banki, ku riƙe rasit. A Jihar Kaduna tun 2016 doka ta hana karɓar kuɗin gwamnati hannu da hannu.

Game da ma'aikata, kasancewar mutum ɗan ikkilisiya ko ɗan mawaƙa bai isa shaida ba. Mai koyarwa ya dace ya zama yana da NCE aƙalla da rajistar TRCN. Kowa, har da mai shara da maigadi, ya cika takarda, ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa, a kuma kira su a ji ta bakinsu. Tun 2019 NAPTIP tana riƙe da kundin sunayen waɗanda kotu ta samu da laifin fyaɗe da makamantansa, ana iya neman a duba suna. Kada a bar babba ɗaya shi kaɗai da yaro a ɗaki rufe, ko da fasto ne. A ajiye littafin shiga da fita, da sunayen waɗanda iyaye suka yarda su ɗauki yaro. Ɗan acaɓa da ya zo ya ce maman wane ta aiko shi, a kira uwar tukuna. Hotunan yara kuma, kafin a sa su a Facebook ko WhatsApp na ikkilisiya a sami yardar iyaye, domin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta buƙaci haka.

Akwai wani tsari da ya yaɗu: wani ɗan'uwa ya roƙi aron aji ya buɗe lesin nasa, yana ba ikkilisiya ɗan wani abu a wata. Idan yaro ya ji rauni, iyaye sunan da ke jikin ƙofa za su kira, kuma mai gini ba ya fita daga maganar. A rubuta yarjejeniya, a ga takardun izininsa kafin a ba shi mabuɗi. Idan kuwa aikin na ikkilisiya ne, kuɗin lesin ya sami littafinsa dabam da na baiko, ma'aji ya riƙa kawo rahotonsa gaban dattawa.

Yawancin waɗannan takardu suna da wa'adi, ana sabunta su. Mu fastoci kuma ana yi mana canji. Saboda haka fayil ɗin ya zauna a ofishin ikkilisiya a hannun magatakarda, a aika kofi zuwa gunduma, a rubuta ranar ƙarewar kowace takarda a bangon fayil ɗin, a kuma sa shi cikin kayan da ake miƙa wa sabon fasto ranar karɓar aiki.