Sinadarin da ke kashe ƙwayar halitta yana da hannu a tafiyarta

Kowace rana jikin ɗan Adam yana rabuwa da biliyoyin ƙwayoyin halitta da suka tsufa ko suka lalace, ba tare da mutum ya ji a jikinsa ba. Ƙwayar ce ke kashe kanta cikin tsari, kuma wasu sinadarai da ake kira caspase ne ke zartar da hukuncin. Binciken da ya bankaɗo wannan tsari a jikin wata 'yar tsutsa shi ya samar wa Sydney Brenner da John Sulston da Robert Horvitz lambar yabo ta Nobel a 2002.

Caspase tamkar almakashi ne, aikinsa yanka furotin. Idan suka tashi da yawa lokaci guda, sai su daddatse kayan cikin ƙwayar, ta farfashe, ƙwayoyin garkuwar jiki su haɗiye ragowar. An daɗe ana zaton iyakar aikinsu ke nan.

Ƙwaya kuwa tana rarrafe ne. Takan miƙa gabanta da taimakon wasu zaruruwa masu suna actin, ta manne, sannan ta saki bayanta. A nan ma aka tarar da caspase. Idan wani sinadari mai suna Src ya liƙa wa caspase-8 fosfet, ƙarfin kisansa yakan ragu, sai ya koma wuraren mannewar ƙwayar yana taimaka mata ta saki ta ci gaba. A 2007 ayarin Junying Yuan na Jami'ar Harvard ya nuna cewa caspase-11 na ɓeraye yana taimakawa wajen warware zaruruwan actin, abin da ke sauƙaƙa tafiyar ƙwayoyin garkuwar jiki.

Wani lokaci kuma caspase takura tafiyar yake yi. A 2018 ayarin Eli Arama na Cibiyar Weizmann da ke Isra'ila ya haska wa ƙudan 'ya'yan itace radiyeshan. Ƙwayoyin da aka toshe musu caspase sai suka bar mazauninsu suka kutsa wasu sassan jiki.

Ga masu neman maganin sankara, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Yawancin waɗanda cutar ke kashewa, yaɗuwarta zuwa wasu gaɓoɓi ce ke zama ajalinsu, kuma magunguna da yawa sun dogara ne da tayar da caspase. Don haka dole a lura da wane caspase aka taɓa, a wace ƙwaya, da kuma abin da ƙwayoyin da suka tsira za su yi bayan magani.