Abin wuya mai jan lantarki: zai hana karenka bin awakin maƙwabta?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ajiye kare don gadin sito ko gida a ƙasar da ba tasa ba ya san wannan rigimar. Kana shago, sai waya ta shigo daga gida: kare ya tsinke ya bi akuyar maƙwabci, ko ya kashe kajin mai unguwa. A garinku, ban haƙuri da biyan kuɗin kaza sun wadatar. Amma inda kake baƙo, kaza ɗaya tana iya ɓata zaman shekara goma.

Shi ya sa wasu suka fara tambaya a kan wani abin wuya da ake gani a kasuwannin intanet da shagunan Guangzhou. Ɗamara ce da ake ɗaura wa kare, mai batir da ƙananan ƙarafa biyu da ke taɓa fatar wuyansa. Mai kare yana riƙe da rimot. Da zarar kare ya zabura zai bi dabba, sai a danna, wuta ta ja shi. Manufar ita ce ya haɗa zafin da bin dabbar, ya daina.

To, yana aiki? A wasu wurare, e. A ƙasar New Zealand ana amfani da shi wajen koya wa karnukan farauta su guji tsuntsun kiwi, wanda ba ya iya tashi kuma karnuka na kashe shi. Sai dai ƙwararru ne ke horon, kuma ana maido da kare daga baya a sake gwada shi, domin darasin kan dushe.

A Birtaniya, inda karnukan 'yan yawo ke yi wa makiyaya ɓarnar tumaki, an daɗe ana kai ruwa rana a kan batun. Yankin Wales ya haramta shi tun 2010. Jamus da Denmark da Switzerland ma sun hana, Holan ta bi sahu a 2022. Masana a Jami'ar Lincoln ta Ingila sun kwatanta hanyoyin horo a 2014 da 2020, suka ga cewa karnukan da aka horar da lada, wato ɗan abinci da yabo, suna amsa kira ba tare da buƙatar wuta ba, kuma an ga alamun damuwa a jikin waɗanda aka ja da lantarki.

Babbar matsalar ita ce lokacin dannawa. Kare ba ya lissafi irin namu. Abin da ke gabansa a daidai lokacin da zafi ya zo, shi yake ɗora wa laifi. In ka makara da daƙiƙa biyu, kuma yaron maƙwabta ne ya gifta, to ka koya masa tsoron yara ke nan. Karen da ke tsoro kuwa ya fi saurin cizo. Ka yi tunanin rimot ɗin a hannun yaran gida ko yaron shago, kai kana kan hanyar Kumasi ko Garwa. Ga kuma ƙarafan: in aka bar su a wuya tsawon yini, cikin zafi da damshi, suna cin fata su zama gyambo.

Abin da ya fi sauƙi yana hannunmu. A gyara katanga da ƙofa. A fita da kare da igiya safe da yamma ya motsa jiki, don wanda ke ɗaure dare da rana shi ne ke haukacewa ranar da ya kuɓuce. A saba masa da awaki da kaji tun yana ɗan kwikwiyo, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A koya masa amsa kira da guntun nama ko ƙamzon kifi. A yi masa allurar haukan kare a kan lokaci. In Babbar Sallah ta matso, raguna suka cika unguwa, a ƙara sa ido.

Wanda kuma ke shirin saro abin don sayarwa, ya fara binciken dokar ƙasar da yake zaune da wadda zai aika kayan. In ɓarna ta riga ta faru, kar ka jira a zo maka. Ka je da kanka, ka ba da haƙuri, ka biya.