Yadda Sinadaran Haɓaka Tsiro Ke Sa Ƙashi Ya Rungumi Ƙarfen Tiyata

Duk ƙarfen da likitoci suka dasa a madadin ƙugu ko gwiwa, ƙarkonsa ya dogara ne da yadda ya kama ƙashin da ke kewaye da shi. Idan kamun ya yi rauni, ƙarfen zai soma girgiɗi, ciwo ya dawo, a sake tiyata wadda ta fi ta farko wahala da tsada. Lamarin ya fi shafar masu ƙarancin shekaru, irin masu amosanin jini da kan ƙashin cinyarsu ke mutuwa saboda toshewar jijiyoyin jini, domin ƙarfen zai daɗe yana ɗauke da nauyinsu.

Hanyoyi biyu ake bi wajen kafe ƙarfen. Ta farko ita ce liƙa shi da simintin ƙashi, dabarar da likitan Ingila John Charnley ya yayata a farkon shekarun 1960. Ta biyu kuwa ita ce a bar ƙashin ya tsiro da kansa ya cusa cikin ƙarfen. Tushenta binciken Per-Ingvar Brånemark ne na ƙasar Suwidin, wanda a shekarun 1950 ya ga ƙashin zomo ya manne wa titaniyam har aka kasa raba su. Shi ya sa a yau ake ƙera fuskar ƙarfen da ƙananan ramuka masu kama da na soso. Sai dai idan ƙarfen yana motsi a makonnin farko, jiki kan cike gurbin da nama mai kama da tabo maimakon ƙashi.

A nan ne sinadaran haɓaka tsiro suka shigo. Su furotin ne da jiki ke sarrafawa domin aika umarni ga ƙwayoyin halitta. A 1965, Marshall Urist na Jami'ar Kaliforniya da ke Los Anjeles ya nuna cewa idan aka cire ma'adinan da ke cikin guntun ƙashi aka dasa shi a tsokar dabba, sabon ƙashi yana tsirowa a wurin. Daga baya aka raɗa wa furotin ɗin da ke wannan aiki suna BMP. Aikinsa shi ne jawo ƙwayoyin da ba su riga sun zama komai ba, ya mayar da su masu gina ƙashi. A 1988 masu bincike ƙarƙashin John Wozney suka gano tsarin gadonsa, abin da ya ba da damar sarrafa shi da yawa a masana'anta.

A 2002 hukumar FDA ta Amurka ta amince da Infuse na kamfanin Medtronic, wato BMP-2 da ake jiƙa soson kolajin da shi, a cusa cikin ɗan kejin titaniyam tsakanin ƙasusuwan ƙasan baya domin su haɗe. A 2004 ta amince da shi wajen karayar ƙwauri wadda ƙashi ya fasa fata. Babbar fa'idarsa ita ce ba sai an yanko ƙashi daga ƙugun majiyyaci ba, yankan da kan bar ciwo na tsawon lokaci.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Saboda sinadarin yana saurin zurarewa daga inda aka sa shi, adadin da ake zubawa ya ninka wanda ke cikin jiki nesa ba kusa ba. A 2008 FDA ta yi gargaɗi bayan rahotannin kumburin wuya da maƙogwaro mai toshe numfashi ga waɗanda aka sa wa shi a ƙashin wuya, wurin da ba a amince a yi amfani da shi ba. A 2011 mujallar The Spine Journal ta zargi binciken farko da kamfanin ya ɗauki nauyi da rashin bayyana illoli yadda ya kamata. Bitar da Jami'ar Yale ta shirya, wadda aka wallafa a 2013, ta nuna cewa a tiyatar ƙashin baya bai fi ƙashin majiyyaci wani tasiri na a-zo-a-gani ba. Akan kuma samu ƙashi ya tsiro inda ba a buƙata, ya danne jijiya.

Darasin da masana suka ɗauka shi ne matsalar tana ga yadda ake isar da sinadarin. Yanzu ana gwada ɗaure shi a jikin rufin ma'adinan ƙashi da ake shafe ƙarfe da shi, domin ya riƙa fita kaɗan-kaɗan a daidai inda ake so. Gwaje-gwaje a dabbobi sun nuna ƙarin tsiron ƙashi cikin ramukan, amma ƙarfen ƙugu ko gwiwa mai ɗauke da BMP bai zama abin amfanin yau da kullum a asibitoci ba tukuna.

Ga wanda aka shirya wa irin wannan tiyata, a Dala ta Kano ne ko a Indiya, yana da kyau ya tambayi likita irin ƙarfen da za a sa masa da yadda za a kafe shi. Ba a amfani da BMP-2 ga mai juna biyu, ko mai ciwon daji, ko yaron da ƙashinsa bai gama girma ba. Barin shan taba da daidaita sukarin jini kuwa suna taimaka wa ƙashi ya kama, ko da sinadarin ko babu shi.