YARO MAI DAMUWA

Yau za mu yi magana a kan wani ciwo wanda ma'aunin zafi ba ya nuna shi, watau damuwar yaro.

Mutane da yawa sukan ce, "Me yaro ya sani da har zai damu?" Wannan kuskure ne. Yaro yana baƙin ciki, yana jin tsoro kamar babba, sai dai bai iya faɗi ba. Labarin zuciya kuwa a tambayi fuska.

Kwanan baya wata tsohuwa ta kawo mini jikanta ɗan shekara 7, wai kullum ciwon ciki. Na duba, ba zazzaɓi, ba tsutsa. Da na yi tambaya, ashe wata 2 ke nan da aure ya mutu, uwarsa ta tafi gidansu, ba kuwa wanda ya ce masa kome. Yaron yana tsammani rashin jinsa ne ya kore ta.

Abubuwan da kan jawo wannan su ne rasuwa, da mutuwar aure, da yawan faɗa a gida, da kai yaro riƙo ba shiri, da ganin wani abin firgita. Alamunsa kuwa ga su: yaro mai wasa ya koma shiru, ya ƙi abinci, ya riƙa firgita cikin barci, ko yawan faɗa da 'yan'uwa, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina.

To, me iyaye za su yi?

Na ɗaya, a kawo shi a duba, don zazzaɓi da tsagiya da ciwon sukari sukan kawo waɗansu daga cikin alamun nan.

Na biyu, a bar duka da gori. Ɗaura wa mai fitsarin kwance kwaɗo, a tara yara su yi masa waƙa, ba ya warkar da shi. Tsoro yake ƙara masa, tsoron kuwa shi ke ƙara fitsarin.

Na uku, a zauna da shi bayan cin tuwon dare, ba a gaban mutane ba, a ce, "Na ga ranka a ɓace, me ya faru?" In ya yi shiru, kada a matsa, gobe ma rana ce. In ya yi magana, kada a yi dariya. In ɗan fari ne ana jin kunyarsa, a sa kaka ko gwaggo ko kawu su ji ta bakinsa.

Na huɗu, a gaya masa gaskiya daidai hankalinsa. Kada a ce wanda ya rasu ya yi tafiya, don zai yi ta duban hanya. A kuma gaya masa ba laifinsa ba ne. Lokacin abinci da barci da makaranta su zauna yadda ya saba.

Amma in an yi makonni ba sauƙi, ko yana ramewa, ko ya ambaci kashe kansa, ku kawo shi nan da nan. In abin ya fi ƙarfinmu, akwai likitocin wannan aiki a Kaduna da Kware da Maiduguri. Zuwa wurinsu ba abin kunya ba ne.

Yaron can, an kai shi ya ga uwarsa, ta gaya masa da bakinta ba shi da laifi. Ciki ya lafa.

Allah ya raya mana su. Sai mako mai zuwa.