Tangram da Almakashin Tela

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela da jajibirin Sallah ya san rigimar yadi. Mai kaya ya kawo shadda yadi goma, ya zo karɓa, ya ɗaga rigar ya jujjuya, ya ce, "Maigida, anya duk yadina ne a nan?" Tela ya ajiye almakashi ya shiga nuni: ga gaba, ga baya, ga abin da aljihu ya ci, ga ƙyallayen da suka rage a gindin keke. Wani sa'in mai kayan ne da gaskiya, ba sai an ɓoye ba. Amma sau da yawa idonsa ne ya ruɗe shi, don da zarar an yanka yadi an sauya masa siffa, ido ya daina iya auna shi.

A ƙasar Sin akwai wasan da aka gina kacokan a kan wannan rauni na ido, wanda duniya ta sani da suna tangram. Murabba'i ɗaya ake yankawa gida bakwai: alwatika biyar (manya biyu, matsakaiciya ɗaya, ƙanana biyu), ƙaramin murabba'i, sai wani yanki mai gefe huɗu da ya yi kama da tubalin da aka tura ya jirkice. Doka biyu ce: a yi amfani da duka bakwai ɗin, kuma kada wani ya hau kan wani. Wasan ya shiga Amurka da Turai tsakanin 1815 da 1820, jama'a suka ɗauke shi da zafi. A 1903 wani Ba'amurke mai ƙirƙirar wasannin wasa ƙwaƙwalwa, Sam Loyd, ya buga littafi yana cewa tangram ya shekara 4,000. Shaci-faɗi ne kawai, amma har yau ana samun masu maimaita shi.

Alwatikan nan biyar duk samfurinsu ɗaya, kuma matan gida sun san shi sarai, shi ne abin da ke fitowa in tela ya yanka ɗankwali murabba'i aka ninke shi kusurwa zuwa kusurwa. Kusurwa ɗaya digiri 90, biyu kuma 45 kowacce. Ninkin ya fi gefen ɗankwalin tsawo da kusan kashi 41 cikin 100, shi ya sa ake ɗaura kai da shi. A cikin yankan bakwai gaba ɗaya babu wata kusurwa sai 45 da 90 da 135. Yaro ya haɗa ƙananan alwatika biyu ya samu siffa mai gefe huɗu, ya ga da idonsa dalilin da kusurwoyinta suke tashi 360, wato 180 sau biyu. Ya fi a ce masa ya haddace.

Ga inda aikin yake da daɗi. Samu kwali, ka yanka murabba'i inci 8 a kowane gefe, ka fitar da yankan bakwai. Ƙaramar alwatika ita ce ma'auni: guda 16 ne za su rufe kwalin duka. Babba ta ci huɗu. Matsakaiciyar alwatika, da ƙaramin murabba'i, da jirkitaccen yankin nan, kowanne ya ci biyu cif. Ka jera ukun a tabarma ka tambayi yara wanne ya fi girma, za ka sha gardama, kowa da zaɓinsa. Sai ka miƙa musu ƙananan alwatikan biyu su ɗora a kan kowanne. Yadi ɗaya ne aka yi wa ɗinki uku.

To amma tela zai ce maka yadi ɗaya ba ya nufin aiki ɗaya. Shi bakin da zai kalmasa yake lissafi, don nan zare da lokaci suke tafiya. Murabba'in kwalinmu kewayensa inci 32 ne. A jera yankan su zama doguwar siffa mai gefe huɗu, tsawonta ninkin faɗinta, kewayen ya kusa inci 34. A ɗauke babbar alwatika ɗaya tak a mayar da ita wani gefe, siffar ta koma ƙatuwar alwatika, kewayen ya haura inci 38. Kwalin bai ƙaru ko da ƙwayar gero ba, bakinsa ne ya yi ta miƙewa. A ganina wannan bambanci tsakanin fili da kewaye shi ne mafi tsadar abin da wasan ke koyarwa, kuma shi ne abin da ɗalibai suka fi cakuɗawa in an bar su da alli da allo kawai.

Jirkitaccen yankin yana da wani hali nasa. Sauran shidan ko ka kifa su ba sa canzawa. Shi kuwa yana da dama da hagu, in ka kifa shi ya karkata ɗaya ɓangaren, kuma juya shi a kan tebur ba zai taɓa ba ka wannan ba. Yaron tela da ya yanka hannuwan riga biyu a yadi mai fuska ɗaya ba tare da ya ninka shi ba, ya tashi da hannun dama guda biyu, ya san wannan darasi, ya kuma san abin da maigidansa ya faɗa masa ranar.

Akwai wani sanannen siddabaru da ake dangantawa da Henry Dudeney na Ingila: hoton mutum biyu masu kama ɗaya, kowanne an yi shi da yanka bakwai, amma ɗaya da ƙafa, ɗaya babu. Daga ina ƙafar ta fito? Daga gangar jiki. Marar ƙafar ya ɗan fi kauri, kaurin ya bazu a jikinsa yadda ido ba ya kama shi.

Hotunan da ake haɗawa da tangram, su kyanwa da jirgin ruwa da mai gudu, sun kai dubbai. Amma siffofin da ba su da lotsawa ko kaɗan, waɗanda in ka zagaye su da zare ka ja zai kwanta a kan kowane gefe, ƙidayayyu ne. A 1942 masana lissafi biyu 'yan Sin, Fu Traing Wang da Chuan-Chih Hsiung, suka tabbatar da cewa 13 ne kacal: alwatika ɗaya, masu gefe huɗu guda 6, masu gefe biyar guda 2, masu gefe shida guda 4. Murabba'in asali yana cikinsu, kuma mayar da yankan cikinsa bayan an watsa su yakan ba manya ma wuya. Hannu yana son ya kai ƙaramin murabba'in lungu ya daidaita shi da bango, alhali a karkace yake zama, kusurwarsa ɗaya a tsakiyar kwalin, inda manyan alwatikan biyu suka haɗa kai.