Wane ne Ubangidan Ma'aikacin Kamfanin Fasaha?

 Yau maganar aiki za mu yi, aiki a manyan kamfanonin fasaha, wanda ya zama burin samari da 'yan mata da dama a Hammadu Kafi da Pantami da Jekadafari da sauran unguwannin Gombe. Wannan buri yana da tushe. A ƙarshen 2023 gwamnatin tarayya ta fara shirin 3MTT na koya wa mutum miliyan 3 sana'o'in kwamfuta, sannan a watan Maris na 2024, a nan garin Gombe, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya ƙaddamar da shirin jawo ayyukan kamfanonin waje zuwa Najeriya, wato mutum yana zaune a garinsu yana yi wa kamfanin da ke Turai ko Amurka aiki ta intanet. Matashin da ya gama Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere yana jin waɗannan labarai, yana kuma ganin hotunan ofisoshin Google da Facebook a wayarsa, ga abinci kyauta, ga wurin hutawa, ga manaja sanye da riga irin ta kowa. Abin da muke son nunawa a yau shi ne zaman aiki a waɗannan kamfanoni hawa biyu ne, kuma hawan ƙasa ne ya fi saurin isowa ƙasashe irin namu. Saboda haka tun kafin a yi maganar albashi, akwai tambayar da ta riga ta: idan abu ya ɓaci, wane ne ubangidan ma'aikaci a idon doka?

Mu fara da hawan sama, domin a yi adalci, akwai abin koyi a cikinsa. A 2012 kamfanin Google ya sa aka bincika rukunonin ma'aikatansa kimanin 180 don a gano abin da ke sa wani rukuni ya fi wani nasara. Abin da ya zo kan gaba a sakamakon ya sha gaban yawan digiri da kaifin ƙwaƙwalwa: ma'aikaci ya iya buɗe baki a gaban shugabansa da abokan aikinsa ya ce na yi kuskure, ko ban gane ba, ko wannan shawara ba za ta haifar da ɗa mai ido ba, ba tare da fargabar za a muzanta shi ba. Ma'aikatan kamfanin sun gwada wannan 'yanci a aikace ranar 1 ga Nuwamba 2018, lokacin da kimanin mutum 20,000 suka fice daga ofisoshinsu a biranen duniya, bayan jaridar New York Times ta bayyana cewa an sallami wani babban jami'i, Andy Rubin, da dala miliyan 90 duk da zargin cin zarafin mace da ke kansa. Sai dai wannan jarida ta sake bayyana a 2019 cewa ma'aikatan kwangila da na wucin-gadi a Google sun kai 121,000, alhali cikakkun ma'aikata 102,000 ne. Fiye da rabin masu yi wa kamfanin aiki ke nan ba shi ya ɗauke su kai-tsaye ba. Hatta launin katin shaidar da suke ratayawa daban yake, kuma 'yancin faɗin albarkacin baki da ake yabon kamfanin da shi bai cika sauka kansu ba, tunda wanda kwangilarsa ke ƙarewa bayan 'yan watanni yakan auna maganarsa sau bakwai kafin ya furta.

A nahiyarmu, babu inda wannan hawa na ƙasa ya bayyana ƙarara kamar birnin Nairobi na Kenya. Daga 2019 kamfanin Facebook, wanda daga baya ya koma Meta, ya ba wani kamfani mai suna Sama kwangilar tace abubuwan da ake wallafawa a harsunan Afirka, har da Hausa. Aikin shi ne mutum ya yini yana kallon bidiyon yankan rago da aka yi wa ɗan Adam, da fyaɗe, da cin zarafin yara, yana yanke hukuncin a cire ko a bari, ana kuma ƙirga masa daƙiƙoƙin da ya ɓata a kan kowanne. Duk mai buɗe Facebook a Gombe ya amfana da wahalar waɗannan bayin Allah, domin abin da idonsa bai gani ba, nasu idon ne ya tare masa. A watan Fabrairu na 2022 mujallar TIME ta ruwaito cewa wasu daga cikinsu dala ɗaya da rabi kacal suke samu a awa. Wani ɗan Afirka ta Kudu, Daniel Motaung, ya ce an kore shi ne saboda ya yi yunƙurin haɗa kan abokan aikinsa su kafa ƙungiya, kuma a watan Mayu na 2022 ya maka Meta da Sama a kotu. Sama ta musanta zargin, ta ce tana biyan albashi sama da mafi ƙarancin da dokar Kenya ta tanada, tana kuma samar da masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Ita kuwa Meta, kariyar da ta kawo ita ce ba ta da rajista a Kenya kuma ba ita ta ɗauki mutanen aiki ba. Wannan tamkar mai gida ne da ya ba da kwangilar gini, ya zana fasalin, ya tsayar da ranar gamawa, yana zuwa kullum yana duba aiki, amma ranar da birkila ya faɗo daga kan tsani sai ya ce shi bai san shi ba, a nemi ɗan kwangila.

A watan Janairu na 2023 Sama ta sanar da barin aikin tacewar, mutum kusan 260 suka rasa abin yi, fiye da 180 daga cikinsu suka garzaya kotu. Kotun ma'aikata ta Kenya ta yanke a watan Fabrairu na 2023, a shari'ar Motaung, cewa ana iya gurfanar da Meta a ƙasar, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da haka a watan Satumba na 2024. A ƙarshen 2024 aka gabatar da rahoton likita daga Asibitin Ƙasa na Kenyatta mai nuna cewa fiye da 140 daga cikin tsofaffin ma'aikatan suna fama da ciwon firgicin da kan biyo bayan ganin mummunan tashin hankali. Cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka a wannan gwagwarmaya akwai 'yar Najeriya, Kauna Malgwi, masaniyar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta jagoranci reshen Najeriya na ƙungiyar masu tacewar da aka kafa a Nairobi ranar ma'aikata ta 2023. Ga abin da ya kamata mai sauraro ya riƙe: tun a 2020 Facebook ya amince ya biya dala miliyan 52 ga masu irin wannan aiki a Amurka, su ma ma'aikatan kwangila ne, saboda irin wannan ciwo. Kamfanin ya san illar aikin tun kafin 'yan Afirka su kai ƙara. Bambancin kawai shi ne can akwai kotun da yake shakka.

Mai sauraro a Hammadu Kafi zai iya cewa, Malam, da babu gara ba daɗi. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata, da yawa ma ba su samun haka, saboda haka wanda aka ba dala ɗaya da rabi a awa ai godiya ta kama shi. Wannan magana tana da nauyi, kuma duk wanda ya san zafin zaman kashe wando ba zai raina ta ba. Amma lissafin bai cika ba sai an sa abin da mutum ya bayar. Matashin da ya shiga aiki da lafiyarsa ya fito bayan shekara uku ba ya iya barci, ba ya son shiga mutane, iyayensa da matarsa su ne za su ɗauki nauyin jinyarsa, a jihar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa. An mayar da wani kaso na kuɗin gudanar da kamfani mai biliyoyin daloli kan gidan talaka ke nan. Wani kuma zai ce idan muka tsananta sharuɗɗa kamfanonin za su tattara su koma wata ƙasa. Hakan ya faru, domin a 2025 jaridar Guardian ta Ingila ta ruwaito cewa aikin tacewar ya koma birnin Accra na Ghana a hannun wani kamfanin kwangilar, kuma koke-koken ma'aikata suka sake tasowa a can. To amma a lura, komawar ba ta kawar da buƙatar masu jin harsunanmu ba. Kamfanin da ke son a tace masa Hausa, ko a amsa wa abokin cinikinsa da Hausa da Fulatanci, ko a horar masa da ƙirƙirarriyar basira a harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi, dole ya nemi 'ya'yan wannan yanki. Muna da abin ciniki a hannu, raina shi ne muke yi.

Akwai kuma masu cewa laifin ba na kwangila ba ne, tunda cikakkun ma'aikata ma ana korarsu. Gaskiya ne. Meta ta sallami mutum 11,000 a watan Nuwamba na 2022. A cikin watan ne Twitter, bayan Elon Musk ya saye shi, ya kori kusan duka ma'aikatan ofishinsa na Accra kwanaki kaɗan da buɗe shi. Microsoft ma ta rufe cibiyar injiniyoyinta ta Legas a 2024. Sai dai ma'aikatan Twitter na Accra sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa, suka ɗauki lauyoyi, aka biya su haƙƙinsu a farkon 2024. Na Nairobi sai da suka shafe fiye da shekara guda a kotu kafin a tabbatar musu da cewa suna da ikon kiran sunan kamfanin a gaban alƙali.

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce a gida. A watan Yuli na 2018 Ƙungiyar Ƙwadago ta Najeriya, ƙarƙashin Ayuba Wabba, ta yi wa ofisoshin MTN ƙawanya bisa zargin mayar da ma'aikata 'yan wucin-gadi da hana su shiga ƙungiya, zargin da kamfanin ya musanta. Abin da ke ƙara wa lamarin nauyi a wajenmu shi ne tarbiyya. An raine mu a kan kunya da kawaici da girmama na gaba, kuma waɗannan halaye ne na ƙwarai da ba ma son a rasa. Amma manajan da ba ya tsoron Allah yakan fake da su. Yarinyar da ke aiki a cibiyar amsa kira, wadda ogan da ke rubuta mata maki shi ne ke matsa mata, ba za ta kai ƙararsa wurinsa ba, kuma da wuya ta faɗa a gida don gudun kada a ce ta bar aikin. Idan ba a tanadi hanyar kai koke da ta tsallake oga ba, shirunta za a rubuta a rahoto a matsayin gamsuwa.

Dokokinmu sun tanadi wani abu, ko da bai wadatar ba. Dokar Ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata 3 da farawa, sai dai ma'anar ma'aikaci a cikinta ta ware masu ayyukan gudanarwa da na ƙwararru, wanda hakan kan bar injiniyan manhaja ya dogara ga abin da ke cikin takardar ɗaukarsa kawai. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ambaci damuwar ƙwaƙwalwa da aiki ya jawo a cikin abubuwan da ake biyan diyya a kansu, ta kuma ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun inshorar ma'aikata na NSITF. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron rigingimun aiki da yin la'akari da ƙa'idojin ƙwadago na duniya. Gwamnatin jihar da za ta ba kamfani gini ko fili ko rangwamen haraji tana da damar sa sharaɗi a yarjejeniya tun ran gini: a rubuta sunan babban kamfanin da ake yi wa aikin, a amince shi da ɗan kwangila duka suna da alhaki idan an cutar da ma'aikaci, a nuna shaidar zuba kuɗin diyya da na fansho, a ƙayyade awoyin kallon munanan hotuna tare da likita mai zaman kansa, kada kuma takardar riƙe sirri ta hana mutum gaya wa likita ko lauya abin da ke damunsa. Shi kuma matashin da aka miƙa wa takarda, ya karanta sunan kamfanin da ke samanta da tsawon wa'adin da ke ƙasanta, ya kai wa wanda ya san doka ya duba masa kafin ya sa hannu.

A nan za mu dakata a shirin na yau.