In Mai Rumbu Ya Ce A Kwashe, Ina Za A Kai Ajiyar Waya?

A watan Disamba na 2023 abubuwa uku sun faru a duniyar intanet, kuma da wuya a ce an yi hirarsu a bakin tafkin Madarumfa da ke jihar Maraɗi ta Nijar. Ranar 1 ga wata dokar kamfanin Google ta fara aiki, wadda ta ba shi damar share duk asusun da ya shekara biyu ba a buɗe ba, da wasiƙu da hotuna da takardun da ke ciki. A watan ne kuma aka fara, a hankali, lissafa ajiyar hirarrakin WhatsApp ta wayoyin Android cikin gigabait 15 da Google ke ba kowa kyauta, alhali da ba a ƙirga ta. Ranar 31 ga wata kuwa kamfanin Amazon ya rufe ma'ajiyarsa ta Amazon Drive. A lokacin mutanen jihar Maraɗi na fama da tasu damuwar. Tun watan Agusta, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da ke shigowa ta layin Katsina, iyaka na rufe, cajin waya ma sai an sha wahala. Wa ke da sukunin karanta sanarwa da Faransanci ko Turanci a akwatin imel ɗin da bai taɓa leƙawa ba?

Amma maganar ta shafe mu, don abin da ke cikin wayoyinmu ya wuce hotunan biki. Akwai hoton takardar haihuwa, da shaidar jarrabawar BEPC ko BAC, da takardar sayen gona mai sa hannun mai gari. Ɗan kasuwar Ɗan Isa da ya ba da buhunan wake bashi, sau da yawa saƙon murya ne kaɗai shaidarsa. Ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi yana da kundin kammala karatunsa. Wata kuma muryar mahaifiyarta da ta rasu take adanawa. Ambaliyar daminar 2024, wadda ta rushe gidaje masu yawa a jihar Maraɗi, ta nuna cewa takardar da ke cikin akwati ƙarƙashin gado ba ta tsira daga ruwa. Don haka ajiya a intanet abu ne mai amfani, ba na cewa a guje ta.

Sai dai a san abin da ake ciki. Hoton da aka "ɗora" yana zaune ne a kwamfutocin wani kamfani, cikin manyan gine-gine a Turai ko Amurka ko wani wuri, waɗanda ke cin wuta dare da rana, suna buƙatar sanyi da ma'aikata. Kamar mutum ne ya zuba geronsa a rumbun wani: ranar da mai rumbu ya ga ba riba, zai ce a zo a kwashe, ya kuma sa rana. Kamfanin Canonical ya sanar da rufe Ubuntu One a farkon Afrilun 2014, ya ba mutane zuwa ƙarshen Yuli, sannan ya goge komai. Samsung ya daina ajiye hotuna a Samsung Cloud a 2021, ya tura mutane OneDrive. Waɗannan sun ba da wa'adi. Megaupload kuwa hukumomin Amurka ne suka rufe shi rana ɗaya, 19 ga Janairun 2012, bisa zargin satar fasaha, kuma masu ajiyar halal ma suka wayi gari ƙofa a garƙame. Wani lokaci ba a rufewa, matsewa ake yi: Microsoft ya rage kyautar OneDrive daga gigabait 15 zuwa 5 a 2016, Google Photos kuma ya daina ajiya marar iyaka daga 1 ga Yunin 2021.

In an zo neman madadi, tambayar da kowa ke fara yi ita ce wanne ya fi ba da wuri kyauta. Amsar ba ta da wuya: Mega gigabait 20, Google 15, OneDrive da iCloud biyar-biyar, Dropbox 2. A ganina wannan ce tambaya mafi ƙarancin muhimmanci. Takardun gida duka, in an ɗauke su hoto, da wuya su cika gigabait ɗaya. Bidiyon da ake turowa a gurup-gurup ne ke cinye wuri, kuma akasarinsu ba wanda zai yi kewarsu.

Tambayar da ta fi ita ce: ranar da zan fita, ta yaya zan kwashe kayana? A inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa, kuma data ke tsada, sauke gigabait 10 cikin mako biyu na wa'adi ba ƙaramin aiki ba ne. Google yana da wata ƙofa mai suna Takeout da ke tattara kayan mutum ƙunshi-ƙunshi, kuma tana iya aika su kai tsaye zuwa Dropbox ko OneDrive ba tare da sun bi ta wayarsa sun cinye masa data ba. Ma'ajiyar da ba ta da irin wannan hanya, ko sabuwar manhajar da ke alƙawarin wuri mai ɗimbin yawa kyauta alhali ba a san mai ita ba, ban ga dalilin da zai sa a ba ta takardar gona ba.

Sai maganar makulli, wadda a nan ƙasar ta fi rufewar kamfani haddasa asara. Mutum ya sayi Tecno ko Itel, yaron shago ya buɗe masa imel cikin minti biyar, ya sa kalmar sirrin da shi kansa zai manta kafin la'asar. Mai waya bai san adireshin ba, balle kalmar. Ranar da wayar ta faɗa ruwa ko aka sace ta, hotunansa na nan lafiya lau a Google, amma ba shi da hanyar isa gare su. Hanyar da ta rage ita ce lambar da za a aiko ta layin wayar da aka yi rajista da shi. To, kamfanonin waya suna karɓe layin da aka daɗe ba a yi aiki da shi ba su sayar wa wani. A yankin iyaka kuma akwai ƙarin tarko: masu shiga Jibiya da Katsina da dama suna riƙe layin Najeriya, kuma a 2024 an toshe layuka masu yawa a can saboda ba a haɗa su da lambar ɗan ƙasa ta NIN ba. Wanda ya rataya asusunsa a kan irin wannan layi ya shiga uku. Adireshin imel da kalmar sirri, a rubuta su a takarda a adana tare da takardun gida, a kuma sa layi na biyu na wani amintacce a gida. A Mega abin ya fi tsanani: kayan a kulle suke ta yadda kamfanin kansa ba ya iya buɗewa, wanda abu ne mai kyau wajen sirri, amma wanda ya rasa kalmarsa da makullin ceto ya rasa komai.

Wasu sun mayar da Telegram ma'ajiya, suna tura wa kansu fayiloli, tunda yana ɗaukar guda mai girman gigabait 2. Yana aiki, amma asusun da aka daɗe ba a buɗe ba yana goge kansa, kuma shi ma a kan layin waya yake rataye. Biyan kuɗi kuwa, gigabait 100 na Google kusan dalar Amurka 2 ne a wata, wato jaka ɗaya da 'yan kai na sefa. Cikas ɗin shi ne yawanci da katin banki ake biya, wanda ba kowa ke da shi ba, kuma in biya ya tsaya, asusun ya cika, har imel ya daina shigowa.

Shi ya sa nake ganin bai kamata madadin ya zama guda ɗaya ba. Abin da ba za a iya sakewa ba, ya kasance a wuri uku: a waya, a katin memori ko kwamfutar da ke wani gida dabam, sannan a intanet. Katin ma a gwada shi, domin akwai jabu a kasuwa da ke nuna gigabait 64 alhali cikinsa bai kai rabin haka ba. A cika shi, a sake buɗe fayilolin farko a gani ko suna nan. Ƙungiyoyin manoma da makarantu da ke ajiye sunayen mambobi ko ɗalibai a asusun sakatare shi kaɗai, su buɗe na ƙungiya wanda mutum biyu ko uku suka san makullinsa, su kuma tuna cewa Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Kafin a goge komai daga tsohon wuri, a ari wayar wani, a shiga sabon asusun da ita, a buɗe takardar haihuwa ɗaya a tabbatar tana karantuwa, sannan a fitar da asusun daga wayar kafin a mayar wa mai ita.